Iskar da Aka Hana Tumatir

Ran da Auta za ta tafi makarantar koyon aikin jinya, ba ta bar sallahun komai a gida ba sai na tumatir. Takwas ne, a cikin tsofaffin bokitan fenti, jere a lungun da ke bayan kicin. Shekara uku tana tace irinsu da hannunta. Duk wanda ya fi girma da nama sai ta matse ƙwayoyinsa a kan takarda, ta shanya, ta sake shukawa. Bana ta zuba duk irin da take da shi, ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba. In takwas ɗin nan suka mutu, aikin shekara uku ya bi ruwa.

Mahaifiyarta ta so ta damƙa wa, amma uwar ta ce gwiwoyinta sun daina shiri da sunkuyo. Sai mahaifinta, wanda kowa ke kira Mai Gilashi, ya ce a bar masa. Auta ta dube shi, ta dubi bokitan, ta yi 'yar dariya.

"Baba, kai fa in ka so abu ba ka barinsa ya huta."

Ya ce mata in ta dawo hutu nan da wata biyu za ta tarar da su sun fi yadda ta bar su. Da bakinsa ya faɗa, a gaban uwarta, kuma shi ba mutum ne mai faɗa ya janye ba.

Ba sharri ta yi masa ba. Mai Gilashi mutum ne da in ya kulle shago sai ya yi taku goma ya dawo ya sake jan kwaɗon. Lokacin da yaransa ke ƙanana, tari ɗaya ya isa ya sa su cikin rigar sanyi biyu. Yanzu mazan uku sun kama gabansu, Auta ma ta tafi, gidan ya yi masa faɗi. Sana'arsa kuma ta ƙara masa wannan hali. Shekara ashirin da shida yana yankan gilashi yana sa wa mutane tagogi, aikinsa ke nan ya gano ta inda iska ke shiga ya toshe.

Abin da Auta ta ce kaɗan ne: ruwa da safe, a gindi, kada ya yi yawa. Sati guda yana bin haka. Sai aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, ya fantsama laka a ganyen ƙasa. Idon mai gilashi ba ya jure ganin dauɗa a kan abu. Da ya dawo daga shago da yamma ya jawo tiyo ya wanke su tas, ganye ɗaya bayan ɗaya. Suka yi ƙyalli, ransa ya yi fari. Daga ranar kullum yamma sai ya yi musu wanka. A ganinsa bai saɓa maganar Auta ba, ƙari ne kawai ya yi.

A sati na uku ya ga ɗigo. Ɗan ƙarami ne, ruwan ƙasa, a ganyen can ƙasa na bokiti na biyu, da wani rawaya-rawaya kewaye da shi. Ya murza da yatsa bai fita ba. Washegari sun zama biyar, a bokiti uku.

Da yake yana da aikin sa tagogi a wani bene ranar, matarsa ya roƙa ta kai ganyen wurin wata tsohuwa mai sayar da dashe a gefen babban titi, tun da hanyar kasuwarta ce. Da yamma ko takalmi bai cire ba ya tambaye ta.

"Ta ce iska ce," in ji Maman Auta, tana tsince wake a faranti.

Ya tambaya wace irin iska. Ta ce ita dai abin da ta ji ke nan. Mutum huɗu ne a kan tsohuwar, ta juya ganyen sau ɗaya ta ce wannan ai matsalar iska ce, ta ƙara wata magana amma wata babbar mota ta wuce da ita. "Ko iskar da ke kaɗawa, ko mai hawa kan mutane, wannan kuma sai ka je ka tambaya da kanka, Malam."

Bai yi dariya ba, domin maganar ta zauna masa daram. Ai haka ne. Mura ta iska ake ɗauka, ciwon ido ma haka ake cewa. Lungun kuwa zariya ce tsakanin bango biyu, iska na ratsa shi safe da yamma. In dai iska ce abokiyar gabar, to ta gamu da gamonta.

Ranar da ba ya buɗe shago ya kwaso guntayen gilashi da ragowar sandunan alminiyom. Ya matso da bokitan takwas suka haɗe kafaɗa da kafaɗa don su shiga wuri ɗaya. Kafin rana ta faɗi ya gina musu ɗaki, bango huɗu da rufi, da 'yar ƙofa mai sakata. Ya bi duk wata kafa ya liƙe da gam. Ya kunna ashana ya zagaya gefe-gefe, harshen wutar bai ko motsa ba. Maƙwabta har leƙe suke ta kan katanga. Maman Auta ta ce shekara talatin tana roƙon a gyara mata tagar kicin, ashe da tumatir ta zama da tuni an yi.

Wankan yamma kuwa bai fasa ba. Ya buɗe 'yar ƙofar, ya fesa, ya rufe da sauri kada iska ta sato hanya.

Cikin kwana shida ciwon ya yi abin da bai yi ba a duk kwanakin baya. Ɗigon ya hau sama kamar mai taka matakala. Ganyen ƙasa suka yi rawaya, suka yamutse, suka fara zuba. Da Auta ta kira ta ce ya juya mata waya ta ga 'ya'yanta, ya ce kyamarar ce ke ba shi matsala. Ta ce to, ya gaishe su. Bayan ya kashe wayar ya daɗe yana kallonta a hannunsa. Bai taɓa yi wa yarinyar nan ƙarya ba, ko ta cewa allura ba zafi.

Ya sa ganye biyu a ambulan ya tafi da su shago, shi kansa bai san me zai yi da su ba. Maƙwabcin shagonsa mai gyaran agogo ne, abokin tsokanarsa tun suna samari. Da ya ga Mai Gilashi ya shimfiɗa ganye a kan teburin yanka yana zuba musu ido, ya leƙo ya tambaya ko Injiniya ya koma sayar da magani ne. Ya ji labarin, ya ciro ɗan madubin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo, ya miƙa masa.

Mai Gilashi ya maƙala, ya sunkuya. Da farko duhu kawai ya gani. Ya ɗan ɗaga kai, sai abin ya fito fes.

Ashe ɗigon ba ɗigo ba ne. Zobe ne a cikin zobe a cikin zobe, kamar an jefa tsakuwa a ruwa ruwan ya daskare a haka. Kowane zobe da iyakarsa, tsaf, kamar wanda aka auna. A tsakiya kuma akwai wani baƙin gashi-gashi mai laushi. Ya matsa gefen da bai kamu ba, ya ga ganyen duk gashi ne tsaye, siri-siri, abin da ya yi sati uku yana wankewa bai san da shi ba. Tsoron da ya kwana da shi ya ɗan ja gefe, mamaki ya zauna a wurin. Wane ne yake zana wannan? Me ya sa zobe, ba murabba'i ba? Kowane zobe kwana ɗaya ne, ko me?

Mai Agogo ya karɓa ya duba. Ya ce shi dai bai yi karatun gona ba, amma wannan gashin ya san shi, shi ne yake fitowa a burodin da aka manta a leda. Fumfuna ce.

"Fumfuna a abu mai rai?"

"Kai ba mai rai ba ne? Cire takalminka mu duba tsakanin yatsunka."

Mai Gilashi ya ce ya ara masa madubin. Mai Agogo ya ce ya ɗauka, yana da wani, amma kada ya je ya gina masa ɗaki.

Washegari da sassafe ya je lungu da madubin a aljihu. Bai ga tumatir ɗin ba ma, domin gilashin ya yi gumi ta ciki, ruwa na gangarowa layi-layi. Ya zare sakata. Wani ɗumi mai laima ya bugi fuskarsa, da wari.

Ya san warin nan. Ya san shi kamar yadda ya san sunansa. Warin gidajen da ake kiransa ne bayan damina, a ce tagar da ya sa tana yoyo, ga bango ya yi baƙi a bayan kabad. In ya je ya duba sai ya ga taga lafiyarta lau, masu gidan ne ba sa buɗewa. Sau nawa ya tsaya a tsakiyar ɗakin mutane yana ce musu ɗaki ma numfashi yake, a riƙa buɗe masa taga? Ya tsaya riƙe da 'yar ƙofar, ganye jiƙe sharkaf a gabansa tun wankan jiya.

Bai buɗe shago ba ranar. Ya tsinki ganye, ya ɗauki hoton ɗakin gilashin, ya tafi wurin mai dashe da ƙafarsa.

Ya same ta a ƙarƙashin wata rumfar buhu, tana cika ƙananan ledoji da ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce shi ne mijin matar da ta kawo ganye kwanakin baya, wadda aka ce wa iska ce. Ta ce ta tuna. Ta tambaya ko an ba su iskar.

"An ba su, Inna?"

"Eh mana. Na ce matsalar iska ce, ba sa samunta. A raba su, a rage ganye."

Ya buɗe hoton ɗakin gilashin, ya miƙa mata wayar. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi dariya har sai da ta ajiye ledar hannunta ta share hawaye da gefen mayafi. Ta ce shekara arba'in tana wannan sana'a, ta ga masu kashe shuka da ƙishirwa, ta ga masu kashewa da taki, amma yau ta fara ganin wanda ya gina wa ciwo gidan haya da kuɗinsa. Ta ce aikin dai ya yi kyau, hannunsa na da tsabta.

Da ta nutsu ta juya ganyen, ta tambaya wa ke jiƙa su. Ya ce shi ne, kullum yamma. Ta girgiza kai ta ce garin neman gira ke nan.

Ta yi masa bayani tana aikinta. Abin yana zaune ne a ƙasa da cikin matattun ganye, ido ba ya ganinsa. Ruwa ya faɗo ya fantsama, ya ɗauke shi ya ɗora a ganyen ƙasa. Ba ƙarya ba ne, iska ma takan ɗauko shi daga wani wuri, amma ko ya sauka ba ya iya komai a busasshen ganye. Sai ganye ya kwana a jiƙe yake samun ƙofa. Iskar da ya toshe ita ce mai shanya su.

Mai Gilashi ya gyara zama a kan wani bulo. Ya tambaya me ya sa zobe-zobe. Ta ce ita dai ta lura yakan ci ya tsaya, ya ci ya tsaya, in an samu laima ya ci gaba, in an bushe ya dakata, wataƙila sawunsa ke nan. Ya tambaya ina yake zuwa da rani. Ya tambaya ko yana kama barkono, ko yana bin hannun mutum. Ta ce yana bin hannu, yana bin almakashi, kuma ko ɗan jarida ne aka turo mata?

Sai ya yi tambayar da ta kawo shi. Wane magani zai saya ganyen su warke?

"Wanda ya kamu ya kamu, ɗan nan. Ba ya komawa kore."

Ta ce akwai na fesawa, amma garkuwa ce ga mai lafiya, ba ya ta da matacce, kuma ko an fesa in ba a gyara zama ba aikin banza ne. Ya cire gilashin yau. Duk ganyen da ke da tabo ya yanke, da duk wanda ke kusa da ƙasa, tsawon tafin hannu biyu. Wanda baƙin ya kai ga karansa ya tuge shi gaba ɗaya, ya fitar da shi daga gidan, ƙasar bokitin ma kada a sake shuka tumatir a ciki. Ya wanke almakashi da sabulu tsakanin wannan da wancan. Ya rufe bakin bokitan da busasshiyar ciyawa don kada ƙasa ta yi tsalle. Ya kafa musu sanda ya ɗaure su tsaye. Ya raba su yadda kyanwa za ta wuce tsakani ba ta goga ganye ba. Ruwa da safe, a gindi.

Ya ce wannan na ƙarshen an taɓa gaya masa. Ta ce to wanda ya gaya masa ya fi shi hankali. Ya ce 'yarsa ce. Ta ce haka ake so.

Rushe ɗakin bai ɗauke shi awa biyu ba. Duba karan ne ya daɗe. Ya bi su ɗaya-ɗaya da madubin Mai Agogo a ido, yana fatan idonsa ne ke masa gizo. Uku sun kamu har kara. Ɗaya daga cikinsu ma da 'ya'ya huɗu kore a jikinsa, kamar ƙwan tattabara. Ya kama gindinsa ya saki, ya sake kamawa. Ya ce wa Maman Auta ko a bar wannan a gani, a kai shi can ƙarshen lungu. Ita ce ke riƙe da buhun shara. Ba ta yi masa tsiya ba wannan karon. Ta ce in ya bar shi don tausayi, biyar ɗin ne za su biya. Ya tuge.

Biyar ɗin da suka rage suka tsaya zangal-zangal, ƙafafu tsirara, ɗan ganye a ka, kowane a ɗaure da sandarsa nesa da ɗan'uwansa. Da yamma iska ta ratso lungun ta kaɗa su. Hannunsa ya tafi wajen tiyo da kansa. Maman Auta ta leƙo ta taga ta ce ya sa hannuwan nan a aljihu, ko ya zo ta ba shi albasa ya yanka.

Jiran ya fi aikin wuya. Don ya sama wa kansa abin yi, ya yanka burodi gida biyu, ya ɗan yayyafa wa kowane ruwa. Ɗaya ya kife shi da kofin gilashi, ɗaya ya bar shi a bakin taga. Na bakin taga ya bushe ya zama kamar katako, ba abin da ya fito masa. Na cikin kofi a kwana na huɗu ya yi gemu, fari da kore. Ya kira Maman Auta ta zo ta gani da madubi. Ta duba, ta daɗe fiye da yadda ta yi niyya, sannan ta ce ya fitar mata da ƙazanta daga kicin. Ya tafi da shi shago ya nuna wa Mai Agogo, suka kashe rabin safiya suna gardamar ko fumfunar burodi da ta tumatir 'yan uwa ɗaya ne ko dangin nesa.

A kwana na biyar ya ga tabo a ganye biyu na bokitin ƙarshe. Ya jira rana ta shanya raɓa, ya yanke, ya wanke almakashi. Kwana na takwas babu sabo. Kwana na goma sha biyu sababbin ganye sun buɗe a sama, ya bi su da madubi gaba da baya, ba zobe ko ɗaya. Biyu sun yi fure.

Ranar ya kira Auta da kansa, da rana, lokacin da ya san ta fito daga aji. Ya ce mata kyamarar lafiyarta ƙalau, dama can lafiyarta ƙalau. Ya juya wayar ya bi bokitan a hankali, har inda uku suka ɓace. Ya faɗa mata komai, da wankan yamma, da maganar iska, da ɗakin gilashi. Bai rage ba, bai kuma ɗora wa uwarta laifin saƙo ba.

Ta ce ya matso da wayar kusa da mai furen nan na hagu. Ya matsar. Ta ce ya ɗaga ganyen ta ga bayansa. Ya ɗaga.

"Biyar sun isa iri, Baba," in ji ta. "Ɗaya ma ya isa."

Ya ce ai alkawarin takwas ya yi. Ta ce ta sani, kuma ta ji zafin ukun, ba za ta ɓoye ba. Sai ta ce tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ita ma tana da tata. Shekarar farko da ta fara shuka, goma ta sa, tara suka mutu. Ta kwashe bokitan ta ɓoye a bayan tankin ruwa kafin ya dawo daga shago, ta ce masa ta rarraba wa ƙawaye. Duk irin nan daga guda ɗayan da ya tsira ya fito.

Mai Gilashi ya nemi bokitin da babu komai ya kife ya zauna. A gidan nan yake kwana yake tashi, yana ganin ko sauro bai isa ya shiga ɗakin yarinyar nan bai sani ba. Ya tambaya me ya sa ba ta gaya masa ba. Ta ce da ya hana ta sake shukawa don kada ranta ya sake ɓaci.

Ya zaro fensirin da ke bayan kunnensa, ya jawo wani guntun kwali ya ɗora a gwiwa.

"To naki taran, me ya kashe su? Tabo ne irin wannan, ko wani abu daban?"

Ta ce daban ne, nata daga saiwa ya fara, kuma labarin da tsawo, saura minti goma ta koma aji. Ya ce ta fara, in ya so gobe ta ƙarasa.